Shafi Ɗaya Kullum

Yara da dama kan jefar da fensir don an ce musu zane baiwa ce, su kuwa ba a ba su ba. Ni dai na fi gaskata yau da gobe, wadda ke sa allura ginin rijiya.

Ɗan littafin zanena ba ya rabuwa da aljihuna. Ƙa'idata shafi ɗaya kullum, ko da buta ce ko ƙafar kaza. Hannun mutum ya fi komai wuyar zanawa, saboda haka nakan zauna gun masu ɗinkin hula ina bin yatsunsu da fensir. A nan na gane ido ke riga hannu koyo: ina haske ya faɗa, ina inuwa ta kwanta. Leonardo da Vinci ma, wanda ya rasu a 1519, dubban shafuka ya bari cike da hannaye da dawaki da ruwa mai gudu.

Almajiri kan wanke allo in ya haddace, amma mai zane ba ya yage shafi, domin na bara shi ne ma'aunin na bana. Ran da gwiwarka ta yi sanyi, ya kai mai karatu, koma shafin farko ka duba.