Tumatir A Bayan Ɗaki: Abin Da Na Gani Tsakanin Kankiya Da Kusada

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in yi wa 'yan'uwana akawuna da malaman makaranta bayanin wani abu da ya shafi aljihunmu duka, watau kuɗin cefane. Kowa ya san in bazara ta yi nisa damina ta kawo kai, tumatir yakan yi tsadar da mai albashi sai ya tsaya ya yi lissafi kafin ya taya. Alhali kuwa da rani ana zubar da shi a bakin kasuwa don rashin mai saye.

A hutun da na samu cikin hunturu na sauka Kankiya, wadda ke bisa babbar hanyar Kano zuwa Katsina, daga nan na ƙarasa Kusada, ƙasar Bebejin Katsina. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai jigawa, ta gero da dawa da gyaɗa. A wannan lokaci duk inda ka duba sai kara da ƙura. Amma da ka gangara fadama sai ka ga kore shar, masu lambu sun ja fangali, wasu na ban ruwa da ɗan inji, wasu da guga.

Ba lambunan fadama suka sa ni ɗaukar alƙalami ba, gama wannan sana'a ce ta masu ita. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne wani gida a Kusada da aka saukar da ni. Mai gidan tsohon malamin makaranta ne. Ya kewaye wani lungu da dangar kara a bayan ɗakinsa, faɗinsa bai fi tabarma huɗu ba, ya dasa tumatir gindi ashirin. Kowane gindi an kafa masa sanda an ɗaure, 'ya'ya sun yi masa nauyi. Na ce, "Malam, wane irin taki ne wannan?" Ya yi murmushi ya ce, "Ba taki ka fara tambaya ba, Malam Akawu, tambayi iri, sa'an nan ka tambayi wata."

To, ga bayanin iri. Wanda aka fi sani a ƙasarmu iri biyu ne, Roma VF da UC82B, wanda manoma ke kira UTC. Na biyun daga Jami'ar Kalifoniya ta Amurka ya fito, 'ya'yansa na da tauri, suna jure kwando da doguwar tafiya. Waɗannan biyu in ka cire ƙwaya daga nunannen ɗa ka shanya, baɗi za ta ba ka kamar uwarta. Akwai kuma na zamani da masana suka yi wa aure, watau suka haɗa iri biyu don su sami mai yawan 'ya'ya da jurewa cuta. A bisa takardarsa za ka ga an rubuta F1. Shi ya fi yabanya nesa, amma fa ɗansa ba ya gado. Wanda ya ajiye ƙwayarsa don gudun sayen sabo, baɗi zai ga gona kowane gindi da kamarsa. Araha ba ta ado. Mai gona eka guda ya ji tsadar wannan iri, amma mai gindi ashirin 'yar ƙaramar takarda ta ishe shi har ya ba maƙwabci.

Ga kuma bayanin wata. Tumatir asalinsa daga ƙasashen Amurka ta Kudu yake, yana son rana amma ba ya son dare mai zafi. In zafin bazara ya tarar da shi yana fure, sai furen ya kakkaɓe bai ƙulla ba. Saboda haka malamin nan yakan yayyafa irinsa a tsohuwar tasa cikin watan Oktoba, bayan sati 3 ko 4 ya dasa da la'asar, kamu guda tsakanin gindi da gindi. Kamar wata biyu da rabi bayan dashe sai a fara tsinka. Takinsa na awaki ne wanda ya kwana biyu ya huce. Ruwansa kuwa na alwala da na wankin hatsi, banda mai sabulu, ana zubawa a gindi, ba bisa ganye ba, kuma kullum a kan ƙa'ida, domin ƙishi yau ƙoshi gobe shi ke sa ɗa ya tsage ko gindinsa ya yi baƙi.

Kada mai karatu ya zaci babu abin tsoro. Akwai wata 'yar tsutsa da masana ke kira Tuta absoluta, manoma na ce mata sharon, takan shiga tsakiyar ganye ta cinye shi ta ciki. Ɗan hakin da ka raina ke nan. A shekarar 2016 ta yi ɓarna a Kano da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar Ɗangote ta Kadawa kuma ta tsaya don rashin abin niƙa. A nan ne mai lambun gida ya fi mai babbar gona sa'a, don yana iya duba ganyensa ɗaya bayan ɗaya kowace safiya, wanda ya ga farin zane a jikinsa ya tsinke ya ƙona. Malamin yana kuma jiƙa dakakken ƙwallon bedi, wanda Kanawa ke kira darbejiya, ya tace ya yayyafa da maraice.

Saura batun damina, da na fara da shi. In tumatir ya nuna ya fi ƙarfin miya, uwargidan takan yanka ta shanya bisa tabarma mai tsabta nesa da ƙura, ta yi kauɗa ta ɗura a tulu. Ran da ɗanye ya gagara saye, ita ba ta aike kasuwa.

Ya ku 'yan'uwana ma'aikata, mu da muka saba da alƙalami kada mu ɗauki fartanya abin kunya. Ku kuma malaman makaranta, da za ku ware wa almajiranku fangali guda a bayan aji, da sun koyi lissafi da noma a wuri ɗaya. Ina roƙon malaman gona na Samaru ta Zariya su ƙara mana haske a wannan shafi a kan irin da ke jure damina, gama shi ne buƙatarmu babba.

Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu,
Katsina.