Turbobin Keke na Bakin Kubanni

A 1966, lokacin da David Norman na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya zaɓi ƙauyuka uku don nazarin yadda manoman ƙasar Zazzau ke noma, Hanwa na cikinsu, tare da Doka da Dan Mahawayi. A lissafin ƙauye aka sa ta, mai gonaki da garken shanu. Daga binciken nan ne masana suka fara yarda cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya dabara ce ta mai gudun asara, bayan sun daɗe suna kiran abin jahilci. Yaron da aka haifa a Hanwa ta yau, wadda gini ya haɗe ta da Kwangila, zai yi wuya ya gaskata cewa tsakaninmu da Samaru gona ce da fadama, kuma keke ne ke ɗinke su.

A lokacin hanya biyu ce ga mai zuwa Samaru. Ko dai ya hau kwaltar titin Sakkwato ya wuce ta Palladan, gaban kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964, ko kuma ya gangara ta baya ya bi gefen Kubanni. Mai sauri kwalta yake bi. Yara, da masu lambu, da duk wanda bai sabunta lasisin kekensa ba, ta ƙasa suke sulalewa. Babu wanda ya zana turbobin nan a takarda. Ƙafar manomi ce ta fitar da su, shanu suka faɗaɗa, tayar keke ta daddaɓe.

Kubanni ba wani babban kogi ba ne. Daga wajen Shika take tasowa, ta ratsa harabar Jami'ar Ahmadu Bello inda aka datse ta a shekarun 1970 don ruwan sha, ta biyo ta bayan unguwanninmu, ta raba Tudun Wada da ɓangaren Sabon Gari, sannan ta faɗa Galma. Da rani akwai wuraren da yaro zai tsallake ta bai jiƙa wando ba. Amma ɗan ruwan nan shi ke riƙe da lambuna tun daga kaka har faɗuwar ruwan fari: tumatir, attarugu, albasa, alayyafo, latas, karas, ga rake a inda ƙasa ta fi danshi.

Jigo ne injin wancan zamani. Doguwar sanda ce a kan gwafa, an ɗaure mata curin busasshiyar laka a gindi, guga na rataye a ɗaya bakin. Mai lambu zai tsaya a gaɓa, ya janyo igiya guga ya nutse, ya sassauta hannu nauyin lakar ya ɗago masa ruwan, ya juye a bakin wata 'yar hanya da ya gyara da hannunsa. Daga nan ruwa zai bi ta tsakanin fangali, ɗansa na biye da fartanya, ya buɗe wannan ya toshe wancan da dunƙulen ƙasa. Faɗin hanyar ruwan bai wuce taki ɗaya ba, amma a wurin mai ita ta fi titin gwamnati daraja. Dokar da kowane mai keke ya sani ita ce in ka iso ta sai ka sauka ka ɗaga kekenka. Wanda ya taka ya fasa ta, ruwan da aka sha wuya aka ɗebo ya malale a banza, zai ji abin da bai taɓa ji ba. Wanda kuwa ya sauka ya ce, "Sannu da aiki, Baba," amsar ba ta canzawa: "Yawwa samari, ɗan gidan wa?" In ya faɗi sunan mahaifinsa, sau da yawa da karan rake yake barin wurin.

Kekunan ma suna da daraja hawa-hawa. Raleigh baƙi, wanda har masana'antar haɗa shi aka yi a Kano, shi ne na magidanta. Ana goge shi da tsumma kowace safiya, a naɗe masa ƙarfe da roba mai launi, a sa madubi biyu da ƙararrawa. Phoenix na ƙasar Sin ya fi araha, shi ya cika gari daga baya. Da sassafe za ka ga ayarin masinjoji da leburori da masu gadi sun nufi jami'a, wadda aka buɗe a 1962, da gonakin gwaji na cibiyar binciken da ta girme ta da shekara 40. A daidai lokacin kuma masu lambu na haurowa ta ɗaya gefen, an ɗaure kwandon tumatir a kariya da igiyar tsohuwar tayar mota, sun nufi kasuwar Sabon Gari. Wanda ya ɗauko damin rake ba ya ma hawa. Turawa yake, kafaɗa a jikin kaya, har ya fita daga yashi.

Mu da ba mu da namu, haya muke karɓa. Mai haya na zaune da agogo a hannu, ka ba shi 'yan kwabbanka ya ce ka dawo kafin doguwar allura ta kai wuri kaza. Ƙafa ba ta kai feda daga kan sirdi, sai a zura ta ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya ana tuƙi a karkace.

Abokin gabar mai keke a turbar fadama shi ne tsidau. Ƙayarsa ƙarama ce, ba ka ganinta sai ka ji taya ta fara lafewa. Shi ya sa kusan duk inda turba ta haɗu da kwalta akwai mai faci a gindin bishiya. Zai zare tub ɗin, ya ɗan ba shi iska, ya riƙa nutsa shi kaɗan-kaɗan a kwanon ruwan da ya yi baƙi, har sai ya ga inda kumfa ke tsattsafowa. Ya soka tsinke a wurin don kada ya ɓace masa, ya kankare, ya shafa sholisho da ɗan yatsa, sannan ya ajiye ya ci gaba da hirarsa. Mai gaggawa ya yi ta ƙorafi, shi ko a jikinsa, don ya san facin da aka manna da ɗanyen sholisho ba ya kai mutum gida. Kafin ya mayar da tub sai ya shafa cikin tayar da tafin hannu ya ciro ƙayar, in ba haka ba aikin banza aka yi.

Ranar da babu makaranta akan yi nisa. Wasu su bi ta Basawa su kai tafkin Bomo. Masu ƙarfin gwiwa su ratsa Sabon Gari su kama hanyar Jos har Dakace, inda fadamar Galma ta buɗe, rake iya ganinka. Waɗanda suka fi kowa ƙafa su ne masu zuwa Hunkuyi da Kudan, inda doki ke zagaya injin matse rake, ana dafa ruwan a manyan kasake har ya zama mazarƙwaila. Kada dai a ɗauka komai daɗi ne. Da damina laka kan cushe tsakanin taya da murfinta har keke ya ƙi motsi, sai an saɓa shi a kafaɗa. Yaran da ke tsayawa wanka a kududdufai da yawansu sun yi fama da tsargiya. 'Yan'uwanmu mata kuwa ba su san turbobin nan a kan sirdi ba, sai dai a ƙafa da tallan nono ko na tuwo.

Kudan ɗin nan yanzu da inabi aka san ta. An kafa turaku an ja waya, kurangar ta hau ta yi rumfa, 'ya'yan na reto, ana kai su kasuwannin birane. Wannan ne ke sa ni tuna abin da Faransawa suka yi da tasu ƙasar inabin. Suna da wata hanyar ruwa da aka haƙa da hannu, Canal du Midi, mai tsawon kilomita 240, da aka buɗe a 1681. Turbar da dawakai ke bi a gefenta suna jan jiragen kaya ita ce yau masu keke daga ƙasashe daban-daban ke biyan kuɗin masauki don su bi, ta tsakiyar gonakin inabi. Nasu inabin giya ake yi da mafi yawansa, namu na ci ne. Sun daina sufuri da dawakai tuntuni, amma ba su yanka turbar sun sayar ba.

Mu tamu a hankali ta tafi. Ƙarin albashin Udoji na 1975 ya ɗora ma'aikata a kan babur, keke ya koma abin talaka. Bayan matsin tattalin arziki na 1986 acaɓa ya cika gari. Injin ban ruwa ya kori jigo, ba kuma zan yi kukan wannan ba, don duk wanda ya ga bayan mai jigo da yamma ya san sauƙi aka samu. Abin da ya fi ciwo shi ne fuloti. Gona ta zama fili, fili ya zama gida, kowa ya ja katangarsa har bakin gaɓa, turbar da ta kai ka Samaru ta ƙare a jikin bulo. Ruwan kwatocin unguwanni da leda suka gangara Kubanni, kuma da shi ake ban ruwan wasu lambunan da suka rage. Hanyoyin ƙauye na nesa kuwa, tun da matsalar tsaro ta taso, ba kowane uba ne zai bar ɗansa ya bi su don yawo ba.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekuna sun sake fitowa. Ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa sun kakkaɓe na iyayensu ko sun sayi na hannu. Sai dai yanzu hanya ɗaya ta rage musu, su cusa kai cikin tireloli da tankoki a Kwangila. Ƙaramar Hukumar Sabon Gari da masu unguwanni da hukumar tsara birane ta jiha suna iya hana a ƙara gini a kan abin da ya saura na gaɓar Kubanni, a bar ko da taki biyar ne daga Hanwa zuwa Samaru, a zuba jar ƙasa. Masu lambu za su samu hanyar fitar da kaya, yaranmu kuma su je makaranta ba tare da sun goga kafaɗa da tirela ba.