Tsuntsun da Ke Aron Baki

A shekarata ta farko a gidan rediyo, shugaban sashenmu ya kira ni bayan labaran yamma. Ya ce, "Yaro, minti goma ina saurarenka. Na ji mutum uku, ban ji ka ba." Ya ba ni wata uku, ko in samo muryata, ko in koma ɗakin rubuta labarai.

Gaskiya ya faɗa. Tun ina ɗan lakwal a Maraɗi nake kwaikwayon masu karanta labarai na tashoshin waje, har inda suke jan numfashi na haddace.

Cikin wannan zullumi, ina haɗa wani shirin yara, na ci karo da kukan wani tsuntsu na Amurka ta Arewa. Masana na kiransa Mimus polyglottos, wato makwaikwayi mai harsuna da yawa. Ruwan toka ne, da fari a fuka-fukai, ba wani ado. Amma namijinsa kan tara kuka kusan iri 200 a rayuwarsa: na wasu tsuntsaye, na kwaɗi, har da ƙararrawar mota. Wanda bai samu mata ba yakan raba dare yana rerawa, musamman a farin wata. Muryar nan ta taɓa jawo masa masifa, don a ƙarni na 19 an yi ta kama shi ana sayarwa a keji har ya yi ƙaranci a wasu biranen gabashin Amurka.

Na tambayi kaina: in duk abin da ke bakinsa aro ne, ta yaya ake gane shi? Ashe da tsarinsa. Yakan maimaita kowane kuka sau uku ko fiye kafin ya sauya wani. Wanda ya san shi, ko cikin duhu ba ya ɓata masa.

Sai na daina ƙoƙarin goge muryoyin da na taso da su. Na koma ina lura da inda ni nake son tsayawa, da kalmar da zan zaɓa in da mahaifiyata nake ba labarin.

Wata ukun suka wuce, shugaba bai sake kirana ba. Rannan a tasha ina cinikin lemo, wani direba ya waiwayo ya ce, "Kai ne na labaran yamma, ko?"