Sabulun aski mai ƙamshin kanumfari

Mu nan Manchesta sanyi ya kankama, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu.

Ranar Asabar ina ratsa kasuwar Kirsimeti sai wani ƙamshi ya tsayar da ni a rumfar wata dattijuwa mai haɗa sabulun aski da hannunta. Ta ce irin wannan a hunturu kaɗai take yin sa, Janairu na shigowa sai kuma baɗi. Kafin in taɓa sai da na tambaya ko akwai kitsen dabba a ciki. Ta ce babu, man kwakwa ne da man kaɗanya irin namu, sai kanumfari da kirfa da ɓawon lemo.

Fam 12, kuɗin cefanen kwana uku! Haka na rufe ido na saya.

Washegari da safe na jiƙa buroshi na tada kumfa, sai ga Baba, Allah ya jiƙansa, a idona: ranar Juma'a a zaure, wanzami yana wasa aska, shi kuma yana tauna kanumfari. Kun san ina nan ya rasu, ban samu jana'izarsa ba. Na daɗe tsaye gaban madubi, kumfa a fuska, na kasa ɗaga reza.

Yanzu sai Juma'a nake aski da shi, don ya kai ni bazara. Yaya, don Allah kada Inna ta ji kuɗinsa. A ci gaba da sa Baba cikin addu'a.

Sai kun sake ji daga gare ni.