Zanen Aro: Abin Da Waƙar George Michael Ta Tona Mini

Yau labarin wani mawaƙin Ingila na zo muku da shi, amma gara in faɗa tun da wuri cewa rabin labarin nawa ne, kuma rabin nan nawa shi ya fi yi mini wuyar faɗi. Sunan mawaƙin George Michael. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba, shi kuwa har ya bar duniya bai san da zamana ba. Duk da haka, waƙarsa guda ɗaya ta tona mini wani miki wanda na yi shekara tara ina rufewa.

A cikin 1987 na sami aikin akawu a wani kamfanin fiton kaya da ke Apapa, a birnin Ikko. Ina saurayi ɗan shekara 22, na kama ɗaki ciki ɗaya a Idi-Araba, albashina na biyu kuwa rikoda na saya da shi. A ƙarshen wannan shekara faifansa mai suna Faith ya fito, ba a jima ba ya cika shagunan masu sayar da kaset. Kowane saurayi mai ji da kansa ya san siffar mutumin: baƙar rigar fata, baƙin tabarau, da ɗan gemun kwana uku wanda aka bari da gangan. Ni ma na sayi tabarau irin nasa a kasuwar Balogun. Rigar fatar kuwa, zafin Ikko da ƙarancin aljihu suka taru suka hana ni.

Sunansa na yanka Georgios Panayiotou. An haife shi a Landan ran 25 ga watan Yuni 1963, ubansa Bagirke ne daga tsibirin Saifurus wanda ya zo Ingila neman abinci har ya buɗe gidan sayar da abinci, uwarsa kuwa Baturiyar Ingila ce. Shi da abokinsa na makaranta, Andrew Ridgeley, suka kafa ƙungiyar kiɗa mai suna Wham! a 1981. Cikin shekara huɗu sunansu ya kai har ƙasar Sin, inda suka yi wasa a 1985, a zamanin da mawaƙan Turai irinsu ba su taɓa samun wannan dama ba. Ran da suka yi wasan bankwana a filin Wembley a 1986, mutum 72,000 ne suka hallara. Faifan Faith, wanda ya yi shi kaɗai, an sayar da fiye da miliyan 20, ya kuma ci kyautar Grammy ta faifan shekara a 1989. A cikinsa akwai wata waƙa wadda ko sunanta ba zan iya rubutawa a shafin nan ba, har gidan rediyon BBC ya hana sa ta da rana. Watau dai kamfani da 'yan jarida sun gama ɗinka masa riga, ta gogan samari wanda 'yan matan duniya ke mafarkinsa, shi ma da hannunsa ya taya su ɗinkin.

To, ni ma a lokacin da tawa rigar. Mahaifina makaɗin kalangu ne, na mahauta, haka kakana. Ranar kasuwa tun hantsi yana rumfar fawa, kalangu a hammata, yana kiran sunan mahauci yana koɗa naman da ya kasa. Da kuɗin kiɗan nan aka saya mini littafi da fensir, da shi aka biya kuɗin motar da ta kawo ni Ikko. Amma tun ina makarantar kwana na lura da yadda yara ke murmushi in an ce wane ɗan makaɗi ne, sai na koyi cewa babana ɗan kasuwa ne. Na zo da ƙaryar nan har ofis, na riƙa yi mata ado, har ta kai na ba shi shago mai ƙofa biyu a bakin kasuwa.

Wata Laraba cikin damina ta 1989, masinja ya leƙo ya ce ina da baƙo. Ina fita sai ga Baba a bakin ƙofa, ya biyo motar fataken shanu, kwana biyu a hanya, rigarsa duk ƙura, ga jakar fata a kafaɗa wadda kowa ya gani ya san abin da ke ciki. Ya washe baki don murna. Abokan aikina biyu suna tsaye kusa, ɗaya ya tambaye ni da Turanci ko wane ne. Na amsa masa da Turanci na ce wani tsoho ne ɗan garinmu, ya zo neman taimako. Baba ba ya jin Turanci, amma mutumin da ya yi shekara arba'in yana karanta fuskar jama'a kafin ya buga kiɗa ba ya bukatar tafinta. Murmushinsa ya ragu. Da dare, bayan mun ci tuwo, ya jawo jakar ya shafa ta, ya ce, "Yaro, ka ga kalangu fuska biyu gare shi, amma cikinsa ɗaya ne." Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne, Baba." Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba. Kashegari ya koma.

Shekara guda bayan wannan, a 1990, George Michael ya fitar da faifansa na biyu, a cikinsa akwai waƙar Freedom! '90, watau waƙar 'yanci. Na saye ta, na yi rawa da ita, ban saurare ta ba. Abin da na sani kawai shi ne ana ta surutu a jaridu cewa mutumin ya ƙi a sa hotonsa a jikin faifan, ya kuma ƙi fitowa a fim ɗin waƙar. Maimakonsa sai aka sa shahararrun mata biyar masu tallar tufafi, cikinsu har da Naomi Campbell da Cindy Crawford, suna motsa baki da muryarsa. A cikin fim ɗin aka cinna wa rigar fatar nan wuta, aka tarwatsa garayarsa ta Turawa da akwatin faifai, kayan da duniya ta san shi da su. Har tsohon mawaƙin Amurka Frank Sinatra ya rubuta wasiƙa a jarida yana yi masa faɗa, yana nuna masa cewa ya gode wa abin da ya samu ya daina ƙorafi. Ni ma ra'ayina ke nan a lokacin: ƙoshi ne ya yi masa yawa. Cinikin faifan bai yi kusa da na Faith ba, rigima ta tashi tsakaninsa da kamfanin Sony, ya kai su kotu yana neman a raba su, a 1994 ya sha kaye.

Baba ya rasu a 1995. Sau shida na je gida sallah tsakanin zuwansa Ikko da rasuwarsa, kowane zuwa da niyyar in durƙusa in nemi gafara, kowane zuwa sai in ba shi turmin shadda in dawo da maganata a ciki.

A watan Afrilu 1998 labari ya bazu cewa 'yan sanda sun kama George Michael a makewayin wani lambun shaƙatawa a Beverly Hills, a Amurka, bisa laifin rashin ɗa'a, bayan wani ɗan sandan farin kaya ya ɗana masa tarko. Aka ci shi tarar dala 810 da aikin gayya na awa 80. Bayan 'yan kwanaki ya fito a talbijin na CNN ya faɗi abin da ya daɗe yana ɓoyewa, cewa shi zuciyarsa ga 'yan'uwansa maza take karkata. Daga baya aka ji sauran labarin. Tun yana ɗan shekara 19 ya gaya wa abokinsa Andrew, amma bai gaya wa iyayensa ba. A 1991 ya haɗu da wani ɗan ƙasar Birazil wanda ya so ƙwarai, cutar ƙanjamau ta kashe mutumin a 1993, sai bayan wannan mutuwa ya rubuta wa iyayensa wasiƙa ya faɗa musu gaskiya. Watau sa'ad da muke ganinsa a jarida yana shiga kotu da kwat, makoki yake yi wanda ba shi da ikon zama a yi masa gaisuwa.

Daren da na karanta labarin kamun, na tono tsohon kaset ɗin nan na sa, na zauna na saurara da kunnen basira. Ashe tun 1990 mutumin ya faɗi kusan kome. Waƙar tana waiwayen ƙuruciyarsa da yadda ya nemi suna ido rufe ya samu, sa'an nan tana shaida wa masoyansa cewa wanda suke tafa wa ba shi ne ainihin mutumin ba, tana roƙonsu kada su gudu in ya tuɓe kayan wasan. Ya ajiye sirrinsa a tsakiyar kasuwa, ya lulluɓe shi da kiɗa mai daɗi, mu kuwa miliyoyinmu muka taka rawa a kai muka wuce.

A nan na lura da wani abu game da harshe. Bahaushe in zai yi waƙar soyayya, tilas ya zaɓa tsakanin "ke" da "kai" tun a baiti na farko, ba wurin ɓuya. Turanci kuwa kalma ɗaya yake da ita ga mace da namiji in ana magana da su. Saboda haka mawaƙin Turanci yana iya rera begen wanda yake so a gaban mutum dubu saba'in, kowace budurwa ta ɗauka da ita ake. Waƙarsa ta 1996, Jesus to a Child, makokin ɗan Birazil ɗin nan ce daga farko har ƙarshe, har sunan mamacin an buga a jikin faifan cikin waɗanda aka sadaukar wa aikin, amma da yawanmu muka ɗauka wata mace ce ta tafi ta bar shi. Mai sauraro abin da yake so ya ji shi yake ji, kamfani kuwa abin da mai sauraro ke so shi yake sayarwa. Ta haka shahara takan biya rigar kuɗi mai yawa, mai rigar yana ciki yana gumi.

Na san abin da wani mai karatu zai ce. Addini da al'adar mutanenmu suna da maganarsu a kan irin wannan al'amari, kowa ya san ta, ni kuwa ba alƙali ba ne, ban zauna yanke wa mamaci hukunci ba. Ban kuma ce sirrina da nasa nauyinsu ɗaya ba. Shi yana tsoron rasa iyaye da kasuwa, yana tsoron jefa uwarsa cikin fargabar cutar da ke kashe samari a zamanin. Ni kuwa abin da na ɓoye ba shi da ko ƙwayar aibu, sana'ar halal ce ta mutumin kirki, na sayar da ita don murmushin akawu biyu waɗanda yau ko sunan ɗayansu na manta. Inda muka haɗu da shi ɗaya ne: dukanmu mun ɗanɗani zaman mutumin da ake yaba wa a kan abin da ba shi ba. Irin wannan yabo ba ya shiga ciki, domin kai da kanka ka san wani ake nufi.

Kada kuma a zaci da gaskiya ta fito sai ya sami kwanciyar rai nan take. Ya dai mai da abin kunyar waƙa a 1998, mai suna Outside, inda ya yi wa kamun nasa ba'a, bai sake ɓuya ba. Amma rasuwar uwarsa a 1997 ta riga ta karya shi, shaye-shaye ya kama shi, har a 2010 kotu ta yanke masa ɗaurin mako takwas saboda tuƙi cikin maye. Wanda ya daɗe ɗauke da kaya, ko an sauke masa wuyansa ba ya miƙewa rana ɗaya. Ya rasu a gidansa da ke ƙauyen Goring, a Ingila, ran 25 ga watan Disamba 2016, yana da shekara 53. Bayan rasuwarsa ne aka ji cewa kuɗin da waƙar makokin nan ta samu ya bayar da su a asirce ga ƙungiyar Childline mai taimakon yara. Ashe bayan sirrin da tsoro ya sa shi riƙewa, akwai wani wanda ya riƙe don alheri.

Ni dai a ƙarshen 1998 na ɗauki hutu na tafi gida. Na tambayi ƙanena inda jakar Baba take, ya fito mini da ita daga ƙarƙashin gado. Fatar fuska ɗaya ta tsage, igiyoyin sun bushe. Na kai wa wani tsohon abokin sana'arsa ya gyara, ya ƙi karɓar ko kwabo, ya ce mai kalangun ya fi ƙarfin haka a wurinsa. A bakinsa na ji cewa da Baba ya dawo daga Ikko, ya gaya wa 'yan rumfar fawa cewa ɗansa ya zama babban mutum, ya karɓe shi hannu bibbiyu. Watau ni na yi ƙarya don in rage shi, shi ya yi ƙarya don ya rufa mini asiri.

Yau kalangun yana rataye a zaurena, daidai inda idon baƙo zai fara sauka. Ban iya kaɗa shi ba, ban gaji wannan baiwa ba. Amma duk wanda ya tambaya nakan ce masa na mahaifina ne, makaɗin mahauta, kuma da shi aka yi mini karatu. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Saurayin da ke karanta wannan, in kana da wata magana da kake bin tsohonka ko tsohuwarka bashinta, kada ka jira sallah mai zuwa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu cika da kyau.