Agogon Kyamara da Ranar Gaskiya: Wani Abin Lura Daga Gwiwa

Tun kafin kalandar bango ta shiga ɗakunan talakawa, Bahaushe yana da hanyarsa ta tsare lokaci, wato jingina al'amari da wani babban abu da kowa ya shaida. Dattijo a ƙasar Kazaure ba ya cewa an haifi wane a shekara kaza, sai dai ya ce an haife shi shekarar da aka canja kuɗi, wato 1973 da naira ta maye gurbin fam, ko kuwa damina biyu bayan kisan Murtala a 1976. Na bayansu kuma sukan kafa lissafi da husufin ranar 29 ga Maris, 2006, wanda ya duhunta wannan yanki da hantsi. Wannan lissafi ba ya ba da sa'a ko minti, amma da wuya ya ɓace, domin kuwa jama'a ce ke riƙe da shi.

Da kyamara ta zo sai aka ɗauka an huta, tunda ga na'ura tana rubuta rana da sa'a da kanta. Masu ɗaukar bidiyon biki da suna a Gwiwa da Roni sun san ba haka abin yake ba. Cikin kyamara akwai wani ɗan ƙaramin batir wanda aikinsa kawai shi ne riƙe agogo. Idan na'urar ta daɗe a ajiye ba caji, abin da ba baƙo ba ne a inda wutar lantarki ke wuya, sai agogon ya koma ranar da masana'anta suka sa masa, alal misali 1 ga Janairu, 2000, ya ci gaba da ƙirga daga nan ba tare da ya gaya wa kowa ba.

Kwamfuta ita ma takan ƙara nata ruɗanin. Idan aka kwafe bidiyo daga katin kyamara, sau da yawa ranar da take nunawa a matsayin ranar ƙirƙira ita ce ranar kwafewa, ba ranar ɗauka ba. Wanda aka turo ta WhatsApp kuwa, sunan da wayar ke ba shi yana ɗauke ne da ranar da ya iso. Akwai kuma saɓanin sa'a guda: agogon Nijeriya yana gaba da na Girinwic da sa'a ɗaya, shi kuwa tsarin MP4 an shirya shi ne ya adana lokaci bisa agogon Girinwic, alhali kyamarori da dama lokacin gida suke rubutawa a wurin. Bidiyon jaririn da aka haifa dab da sha biyun dare yana iya tsallakawa wata rana daban, ga shi kuwa daga ranar haihuwa ake ƙirga kwanan suna. Dama can Bahaushe da agogon Bature ba su daidaita a kan mafarin rana ba, tunda abin da ake kira daren Juma'a, a lissafin kwamfuta Alhamis ce.

Mai karatu zai iya cewa wannan ƙaramin abu ne. A bidiyon kamu ko na wankan amarya, haka ne. Amma a ɗauki misalin dattijon da ya sa aka ɗauke shi yana zagaya gonarsa, yana nuna wa 'ya'yansa iyaka, daga kuka zuwa gamba, yana faɗin ɓangaren da ya ba wata 'yarsa kyauta. Bayan rasuwarsa aka zo rabon gado, aka buɗe kwamfuta. Wuri ɗaya ya nuna shekarar 2000, lokacin da yarinyar ko yaye ta ba a yi ba. Wani wurin ya nuna ranar kwafewa, wadda ta faɗo bayan an yi sadakar bakwai. Wanda ba ya son kyautar ta tabbata ya sami abin kamawa ke nan, ya ce haɗa shi aka yi. Muhimmancin ranar a nan ba na wasa ba ne, domin a fiƙihun Malikiyya hukuncin kyautar mai lafiya dabam yake da na kyautar da aka yi a ciwon ajali, wadda ake mayarwa cikin sulusi kamar wasiyya, wasiyya kuwa ba a yi wa magaji ita sai da yardar sauran.

Abin sha'awa shi ne, gyaran yana komawa ne ga dabarar dattawa. Agogon da ya ɓata ba tsayawa ya yi ba, tafiya yake daidai daga mafarin da ba daidai ba. Saboda haka sai a nemi bidiyo ɗaya a katin wanda ranarsa ba ta da shakka. A ce akwai na hawan Ƙaramar Sallah a Kazaure, wadda ta kama Laraba, 10 ga Afrilu, 2024, kyamara kuwa ta rubuta masa 12 ga Janairu, 2000. Bidiyon gonar an rubuta masa 3 ga Janairu. Tazarar kwana 9 ce, wato an ɗauke shi ranar 1 ga Afrilu, 2024, ana cikin azumi. Sa'a kuma ana iya kusantarta ta tsawon inuwa ko ta kiran sallar da aka ji a bayan magana. Sharaɗin kawai shi ne agogon bai sake mutuwa a tsakanin ɗaukar biyu ba. Idan ya mutu, lissafin ya rushe, sai an nemi wata madogara.

Idan an san tazarar, manhaja irin su ExifTool tana iya matsar da ranakun dukkan bidiyon da ita a lokaci guda. Sai dai a kan kwafi ake wannan aiki, a bar katin asali yadda yake. Dalili kuwa a fili yake: hannun da ya iya gyara rana zai iya sauya ta da gangan, don haka alƙali ba zai gamsu da ranar da aka gyara ba sai an nuna masa ta asalin tare da yadda aka yi lissafin, sa'an nan shaidun da suka halarci gonar su tabbatar. Mai ɗaukar da ya ƙware a yanzu yakan duba agogon kyamararsa da na waya kafin ya fara aiki, idan kuwa magana ce ta gona ko ta bashi, sai ya sa mai maganar ya fara da faɗin rana da wata da shekara da bakinsa, na Musulunci da na Bature, ya kuma ambaci sunayen waɗanda ke tsaye a wurin.