Ranar da Kifi Bai Zo Ba

A azumin 2020, lokacin da aka kulle Kano saboda korona, ba kasuwa, ba jam'i, ba zumunci, na ɗauki wata ɗabi'a da har yau ban rabu da ita ba: kallon sheƙar tsuntsu a waya. Ƙanina da ke karatu a Glasgow ne ya jawo mini. Ya ce, "Yaya, maimakon ka wuni kana jin labarin mace-mace, ga abin da zai ɗauke maka hankali." Sheƙar tana kan wata tsohuwar bishiya a dajin da ke bakin tafkin Loch Arkaig, cikin tsaunukan yammacin Sikotland. Ƙungiyar kula da dazuzzuka ta Woodland Trust ce ta kafa mata kyamara tun 2017, tana haska abin da ke faruwa dare da rana ga duk mai intanet. Masu sheƙar shahon kifi ne, wanda Turawa ke kira osprey. Namijin sunansa Louis, macen Aila.

A watannin zafinsu agogon Birtaniya da namu ɗaya ne, sai dai garinsu na wayewa da wuri ƙwarai. Kafin mu gama sahur haske ya fara bayyana a can. Aila na kwanci a kan ƙwai uku, iska na kaɗa gashin kanta, ni kuma ina zaune da kofin kunu ina jiran kiran assalatu. Abin da ya fara kama ni shi ne yadda take takawa a cikin sheƙa. Tsuntsuwar da ke da akaifun da za su huda kifi su ɗauko shi daga ruwa, in za ta koma kan ƙwai sai ta dunƙule yatsunta, ta taka a hankali, ta sa baki ta juya ƙwan, sannan ta jijjiga jiki ta kwanta. Kwana talatin da bakwai ko kusa da haka take yi a wannan zama.

Bayan ƙaramar sallah da 'yan kwanaki aka fara ƙyanƙyasa. A nan na fahimci yadda gidan yake tafiya. Uwa ba ta zuwa su. Aikinta ta rufe 'ya'ya daga ruwa da sanyi da maƙiyi. Uban ne mai cefane, shi kaɗai, kuma ba ya cin komai sai kifi, ba ya kawo komai sai kifi. Sau da yawa sai ya tsaya a wani reshe ya cinye kan, sannan ya sauka da sauran. Aila ta karɓe, ta danne da ƙafa ɗaya, ta yagi 'yar ƙaramar tsoka, ta karkatar da kai gefe, ta miƙa daidai bakin ɗan. In ya faɗi ta ɗauka ta sake miƙawa. Na sha barin abinci ya huce a gabana ina kallon wannan.

Ƙwan ba rana ɗaya ake yin su ba. Tsakanin ɗaya da ɗaya kwana biyu zuwa uku ne, kuma uwar tana fara kwanci tun kafin na ƙarshe ya zo, don haka babban ya riga autan ganin duniya da kwanaki. A jikin tsuntsun da ke girma kullum, wannan tazara ba ƙarama ba ce. Idan sun kai kimanin kwana goma, farin gashin jarirantaka ya zube, su yi baƙi ƙirin, sai faɗa ya tashi. Babban ya kai wa ƙaramin sara a ƙeya, ƙaramin ya juya baya ya cusa kai ƙasa, ya yi lamo har sai an ƙoshi an bar masa saura. In kifi na zuwa a kan kari, saurar na isarsa. A shekarar nan ya zo. Duka ukun suka tashi, jama'a suka zaɓa musu sunaye: Doddie, Vera da Captain. Na ɗauka haka abin yake kowace shekara.

A 2021 Louis ya dawo daga Afirka, Aila ba ta dawo ba. Ya gyara sheƙa, ya jira, daga baya ya koma wata bishiya da babu kyamara a kanta tare da wata sabuwar mace da aka sa wa suna Dorcha. Waya ta koma nuna mini tarin itace da iska. Sai na bi wasu sheƙun a yankin Wales, kuma a can na ga ɗaya fuskar al'amarin.

A daren 30 ga Afrilu wani ya je tafkin Llyn Brenig da zarton inji ya sare turken da aka ɗora sheƙa a kai, kwana ɗaya bayan macen ta yi ƙwan farko. Kyamarar ta ɗauki ƙarar injin da karkatar sheƙar. Ƙiyayyar ɗan Adam da tsuntsun nan tsohuwa ce. Maharba da masu tara ƙwai don ado sun ƙarar da shi a Birtaniya har ya daina haihuwa a can wajen 1916, sai a 1954 wasu suka dawo da kansu suka yi sheƙa a Loch Garten. Ɓarayin ƙwai suka biyo su. Wani jami'in ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB, George Waterston, ya ce maimakon a ɓoye sheƙar, a buɗe wa jama'a su zo su gani daga nesa, domin ido da yawa shi ne gadi. A 1959 mutum kusan 14,000 suka je. Kyamarar da nake kallo daga Kano jikar wannan dabara ce, ko da yake a Brenig idon bai hana zarto ba.

Akwai kuma maƙiyan dawa. A 2018, kafin in san Loch Arkaig, wata dabba mai kama da tunku, gwanar hawan bishiya, ta hau da dare ta kwashe ƙwan Aila. Daga baya, da aka sa kyamara a sabuwar sheƙar, na ga mujiya da idona tana fitowa daga duhu ta bugi Dorcha a ka tana kan kwanci. A 2022 a Poole Harbour, inda aka samu ƙyanƙyasar farko a kudancin Ingila bayan kusan shekara 180, wani babban shahon kurmi ya far wa ɗaya daga cikin 'ya'yan biyu bayan ta fara tashi, raunin ya kashe ta. Waɗannan suna girgiza mai kallo, amma cikin ƙiftawar ido suke faruwa, kuma mai yin su ma abinci yake nema. Wanda ya hana ni barci daban ne.

A kwarin Glaslyn, kusa da garin Porthmadog, a lokacin akwai wata tsohuwar mace da ake kira Mrs G, wadda take haihuwa a wurin tun 2004, da mijinta Aran. A watan Mayun 2021, daidai lokacin da 'ya'yansu uku ke fitowa daga ƙwai, aka yi guguwa da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Shahon kifi da ido yake su: yana shawagi a sama, ya hango kifi kusa da saman ruwa, ya faɗo da ƙafafu gaba. In ruwa ya gurɓace, iska ta tayar da igiya, ba ya ganin komai. Ana cikin haka Aran ya ji ciwo a fiffike. Yana iya tashi kaɗan, amma ba ya iya su. Uwar ta kwanta a kan 'ya'yan, jikinta sharkaf, tana ɗaga kai tana kira, irin kiran nan mai kaifi da suke yi in suna neman kifi. Ta tashi ta je su, sanyi da hankaki su gama da 'ya'yan. Ta zauna, yunwa ta gama da su. Masu kula da wurin suka riƙa ajiye kifi kusa da sheƙa, iyayen suka ci suka rayu, har Aran ya warke. 'Ya'yan dai ɗaya bayan ɗaya suka daina ɗaga kai.

Mahaifiyata na zaune kusa da ni ranar da na biyun ya mutu. Ta karɓi wayar ta duba ta daɗe, ta ce, "To shi mai ɗaukar hoton nan ba shi da hannu ne?" Na ce, "Inna, ba mutum a wurin, na'ura ce." Ta ce, "Wanda ya ɗaura na'urar fa?"

Tambayarta ita ce muhawarar da ba ta ƙarewa tsakanin masu wannan aiki. Doka ta hana kusantar sheƙa sai da lasisi, kuma yawancin ƙungiyoyin sun tsaya a kan cewa tsuntsun dawa ne, a bar shi da halinsa. Suna da hujja. Tazarar da ke tsakanin babba da auta ita ce take sa a shekarar yunwa ɗaya ya rayu maimakon duka su tafi. Kuma a kan kowace sheƙa mai kyamara akwai wasu da dama da ba wanda ya san abin da suke ciki. Amma ƙa'idar tana da ƙofa. A Yunin 2012, a sheƙar Dyfi da ke yankin Wales, bayan wata guguwa ta kashe ɗan'uwansa, an hau an sauko da ɗan da ya rage, wanda ya galabaita har ba ya iya roƙon abinci, aka ba shi kifi da hannu, aka mayar da shi. Ya rayu, aka sa masa suna Ceulan, aka ɗaura masa na'urar bin sawu. Ya ƙetare teku da Sahara shi kaɗai, domin su ba a raka su: uwa ke fara tafiya a watan Agusta, uba ya ci gaba da ciyarwa, sannan kowane ɗa ya kama hanyar da bai taɓa bi ba, tafiyar kilomita kusan 5,000. Ceulan ya isa Sanagal. Kafin shekarar ta ƙare ya maƙale a ragar masunta ya mutu.

Na ba kawuna wannan labari, shi da ya yi rayuwarsa yana su a fadamun Nguru. Na nuna masa hoton tsuntsun, ya ce ya san shi sarai, da sanyi yake zuwa, in zafi ya kama ya ɓace. Na Birtaniya dai Sanagal da Gambiya da Gini Bisau suka fi sauka. Waɗanda ke zuwa wajenmu sun fi fitowa daga can gabas, irin su Finland. Da na kai kan ragar, bai nuna mamaki ba. Ya ce, "Ɗan nan, ragar ba don shi aka kafa ba. Mu da shi abu ɗaya muka fito nema." Ban sami abin da zan ce masa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Daga cikin 'ya'yan da ke tashi, waɗanda ke komawa Turai bayan shekara biyu ba su kai rabi ba, kuma sauran suna salwanta ne a wuraren da ba kyamara, wani sashe a ɓangarenmu na hanyar.

A 2024 abin ya zo gidan da na fara. Dorcha ta ƙyanƙyashe uku a ƙarshen Mayu, aka shiga Yuni da ruwa da sanyi, kifin Louis ya fara raguwa. Faɗan da na saba gani a matsayin rashin jin yara ya koma wani abu. Autan ya juya baya ya cusa kai kamar yadda suka saba, amma wannan karon ba saura. Ya mutu a sheƙa. Zuwa ƙarshen watan Louis kansa ya ɓace na kwanaki, ya dawo a raunane, ƙafafunsa ba komai. Duk asuba sai in buɗe waya in fara duba ƙafafunsa kafin in duba 'ya'yan. Dorcha ta riƙa barin sheƙa tana gwada su da kanta, bai wadatar ba.

A ranar 1 ga Yuli aka hau bishiyar da lasisin hukuma aka sauko da biyun da suka rage. An yi sa'a gidauniyar Roy Dennis na da shirin kai 'ya'yan shahon kifi daga Sikotland zuwa fadamar Pego-Oliva a yankin Balansiya na Sifaniya, don a dawo da irinsu a can, sai aka haɗa da su. Wasu masu kallo sun ji haushi, suka ce an raba uwa da 'ya'yanta. Ni ina tare da waɗanda suka hau. Wanda ya ɗaura kyamara, ya sa wa tsuntsu suna, ya gayyato duniya ta zo ta gani, ya riga ya shiga rayuwar gidan, kuma ga wuri a shirye da ake buƙatar 'ya'yan. Da ba don shirin Sifaniya ba, na san hukuncin zai fi wuya, kuma mai yiwuwa a bar su.

Ɗaya daga cikin biyun ya mutu a Sifaniya kafin ya tashi. Ɗayan, mai zobe 1JW a ƙafa, ya tashi, ya yi makonni a fadamar, ya kama hanyar kudu. Louis kuwa, da nauyin ciyarwa ya sauka daga kansa, ya farfaɗo ya koma su. A Afrilun 2025 shi da Dorcha suka dawo bishiyar, suka gyara sheƙa, ta sake yin ƙwai.